Ruwan Asusun Ramlatu

Ƙarfe huɗu na asuba wayar ta yi ƙara,
can wurinsu ko dare bai raba ba.
"Inna, kin tashi?"
Na ce, "Yanzu kam ai na tashi."
Ta ce, "Wata takarda ce a gabana, ta haraji,
sai na cike ta kafin ƙarshen wata.
Suna tambaya ko ina da ajiya a bankin ƙasar waje."

Na ce, "Ke da wa? Yaushe muka yi wannan arzikin?"
Ta yi dariya har sai da ta ƙware:
"Inna, Jos suke nufi.
Mu ne ƙasar wajen."

Na jima zaune da bargo a kafaɗa.
Shekara hamsin da biyu ina hawa da sauka a Gangare,
na san kowane dutse da ya taɓa fasa mini yatsa,
ashe duk a waje nake.

Ni na buɗe mata asusun nan
ranar da ta gama firamare,
da cinikin dankali buhu uku a Farin Gada
da kuɗin tunkiyar da ta karye, mahauci ya taya da wulaƙanci.
"Ba ruwansu da uwar kuɗin," in ji ta,
"ruwan da ya hau kai suke nema."
To, a bar uwa a tambayi ruwa,
wannan kuma wace irin gaisuwa ce?

Ruwan nan dai ba ma sha.
Babanta, Allah ya jiƙan rai, duk ƙarshen shekara
yakan tsame shi kamar ƙuda daga koko,
ya sayo butoci da tsintsiya
ya ajiye a banɗakin masallaci, ba ya ko waiwaye.
Tun da ya tafi ban kula ba,
ya yi ta taruwa shiru, kamar kududdufin kuza.

Na hau keke zuwa titin Ahmadu Bello.
Layi ya kai bakin ƙofa, na'ura ta yi gardama sau biyu.
Kaneng, yarinyar da ke kan kanta,
ta danna, ta buga hatimi, ta ja layi da jan biro:
naira dubu tara da ɗari shida da arba'in.
Na karanto wa Ramlatu lamba bayan lamba.
Ta yi shiru tana lissafi.
"Dala shida ne, Inna, da 'yan canji."

Dala shida!
Kuɗin keke da katin waya da rumfar da na rufe
sun haɗiye shi, sun nemi ƙari.
Na ce, "Ki sa sifili mana, wa zai sani?"

"Inna," ta ce, a hankali,
"ke kika buge mini hannu a kasuwa
ranar da na tura ruɓaɓɓen dankali ƙasan kwano.
Kuma ni baƙuwa ce.
Baƙo in ya ɓoye allura, garma za a ce ya ɗauka."

Kaneng ta sunkuyar da kai tana murmushi.
Ashe na bar wayar a buɗe, kowa yana ji.

Da na fito hadari ya haɗo daga Dutsen Shere.
Kafin in kai Taminus ya sauko,
ruwa na gaske, mai sanyi, wanda ba a tambayar asalinsa.
Na cusa takardar cikin hijabi, kusa da ƙirji,
na fake a rumfar mai robobi.

Can ta riga ta rubuta shidanta.
Ni kuma na ce wa yaron,
"Butocin nan, nawa guda huɗu?
Haɗa mini da tsintsiya."